Shafin Sha Tara ga Yuni

Jan Biro yana tsaka da ɗage mutuwar wani janar daga huɗu ga Afrilu zuwa biyar ga wata, sai Manaja ya leƙo ta ƙofa ya ce yana son ganinsa idan ya gama.

"Na kusa," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Bari in kwantar da wannan tukuna."

Janar ɗin ya mutu tun zamanin da ake yaƙi a kan doki, a wata ƙasa mai sanyi, bayan ya ƙone garuruwan da ba su tsare masa komai ba. Don haka Jan Biro bai ga wani abin damuwa ba idan an ƙara masa kwana ɗaya a duniya. Huɗu ga Afrilu ta cika maƙil da yaƙe-yaƙe, da girgizar ƙasa, da sarakunan da suka ga dama suka mutu rana guda. Biyar ga wata kuwa fayau take, kamar duniya ta tafi hutu. Ya ja kibiya da jan biron da ya jawo masa sunansa, daga wannan shafi zuwa wancan, ya miƙa wa Uwar Biyu, wadda ke gaban kwamfuta tana tauna biskit.

"Wannan ma an yi masa canjin gida?" in ji ta.

"Ya samu ɗaki shi kaɗai. Bai taɓa samun irin wannan gatan ba ko yana raye."

Maɗaba'ar da suke aiki a ciki kalanda take bugawa, irin wadda ake ratayewa a bango a yage shafi ɗaya kowace safiya. A ƙarƙashin lambar kowace rana akwai ɗan fili na layuka kaɗan: abin da ya faru a rana irin ta yau, wanda aka haifa, wanda ya mutu. Matsalar ita ce tarihi bai san tsarin shafi ba. Manyan mutane sukan yi cunkoson mutuwa a rana ɗaya su bar washegari ba kowa. Tun zamanin mahaifin Manaja, wanda ya kafa wurin, aka samo magani: a ɗebi na ranar da ta cika a zuba wa wadda ba ta da komai. A cikin gida ana kiran abin rage kaya. Ba a taɓa kawo ƙara ba. Masu saye suna yage shafin ne su goge madubi ko su naɗe ƙusa, matattu kuwa ba su da lauya. In ban da wani tsoho mai laima da kan zo duk ƙarshen shekara ya sayi guda, ya buɗe wani shafi yana tsaye a kanta, ya gyaɗa kai ya tafi, Jan Biro bai taɓa ganin wanda ya ɗauki kalandar a bakin komai ba.

Shi kansa tarihi ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Ya karanta littattafai masu kauri a kan yadda dauloli ke tashi su faɗi, kuma ga inda karatun ya sauke shi: yana yi wa gawawwaki rabon ɗaki.

Ofishin Manaja ne kaɗai ke da na'urar sanyaya ɗaki, kuma saurayin yakan ƙure ta don baƙo ya san ya shigo wuri. A kan teburin akwai shafi ɗaya tak. Tun daga bakin ƙofa Jan Biro ya gane shi, yadda mutum kan gane ƙofar gidansa ko an ɗauke wuta.

"Zauna, Baba. Ka san bana Mai Fenti ne ya ɗauki nauyin kalandar gaba ɗaya. Sunan kamfaninsa zai hau kan kowane shafi."

"Na gani. Har a kan ranar da annoba ta cinye rabin wata nahiya an rubuta cewa fentinsa ba ya koɗewa."

Manaja ya yi 'yar dariyar da ake yi wa tsoho don a wuce wurin. "To, baɗi zai cika saba'in. Sha tara ga Yuni aka haife shi. Yana so a sa shi a shafin."

"Sai a matsa masa. Akwai wani mai zanen gine-gine a ciki da ba wanda zai yi kewarsa."

"Ba nan take ba, Baba." Manaja ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe, bai karanta ba. Ba sai an karanta ba. Layin ya ce a rana irin ta yau gobara ta tashi a masana'antar ɗinki da ke bayan tashar jirgin ƙasa, mata ma'aikata da dama suka rasu, ƙofofi a kulle ta waje. "Ya ce ba ya son wannan a shafinsa. A kai shi ashirin ga wata. Na duba, akwai wuri."

Jan Biro ya zare tabarau ya goge da gefen riga. Ba datti a jiki, hannunsa ne ke neman abin yi.

"Baba, wallahi na san abin da ranar nan take a wurinka. Ni ma na je gaisuwa tare da mahaifina, ina yaro."

"Na tuna. Kai ka shanye lemon da aka kawo wa baƙi."

"Kwana ɗaya ne kawai, Baba."

"Na san tsawon kwana ɗaya."

"To ai kai ka koya mana rage kaya. Yanzun nan na ji kana ɗage wani janar."

"Janar bai taɓa ɗinke mini aljihu ba."

Manaja ya dubi agogonsa, ya dubi wayarsa, ya dubi na'urar sanyi kamar ita za ta raba gardamar. Daga ƙarshe ya ce da la'asar zai kai wa Mai Fenti shafin ya sa hannu, gobe injin ya fara aiki, kuma ba shi da wani mai ɗaukar nauyi a aljihu. Ya faɗi haka cikin ladabi. Yaron yana da ladabi sosai, kamar mahauci mai shafa wuyan dabba.

Matar Jan Biro tana cikin matan nan. Ran da abin ya faru sun rabu da safe suna 'yar hayaniya a kan littattafan da ya jibge a kan gado. Ta ce wata rana za ta dawo ta tarar ya aurar da gefenta ga wani sarkin da ya mutu. Ta ɗauki jakarta da almakashinta ta fita, shi ke nan. Masu masana'antar suna kulle ƙofa ne don kada mata su fita da ƙyalle a jaka. An kafa kwamiti, kwamiti ya ci abinci a otal, ya watse. Jaridu suka yi mako suna kuka sannan aka fara gasar ƙwallo. Yau idan ka tsayar da mutum a titi ka tambaye shi, sai ya ce yana jin kamar an taɓa yin wani abu makamancin haka. A duk faɗin garin, layin nan na ƙasan shafi ne kaɗai wurin da aka rubuta cewa matan sun taɓa zama a duniya, kuma sun bar ta a rana kaza. Da kansa ya roƙi mahaifin Manaja aka sa, shekarar da ya fara aiki.

Bai tsaya nan ba. Ya lura mutane ba sa karanta shafin da bai da manya, sai ya shiga yi wa ranar kaya a hankali, shekara bayan shekara. Ya ɗauko wani masanin taurari daga Fabrairu. Ya ɗauko wata sarauniya mai gina makarantu daga Oktoba. Ya ɗauko wani likita da ya ceci yara daga wata cuta, wanda ainihin ranarsa ke can cikin hunturu. Duk ya ce a sha tara ga Yuni aka haife su. Dabarar ita ce ido ya fara da sarauniya, ya gangaro ta kan likita, ya zo ya ci karo da matan kafin hannu ya yage. Ban da haka, marigayiyar mai son baƙi ce, muddin masu natsuwa ne. Bai taɓa kawo mata janar ba.

Da ya koma teburinsa Uwar Biyu ta riga ta ji komai, domin bangon ofishin katako ne.

"Ka ce masa a'a mana, Baba."

"In na ce a'a na tafi gida, wa zai ɗage layin?"

Ta kakkaɓe garin biskit daga cinyarta. "Ni. Da yatsa ɗaya ma. Ina da biyu a makaranta, ubansu kuma ka san shi, sai sa hula da ba da shawara."

"To kin gani."

"Ai gara in faɗa maka gaskiya. Amma zan ji ba daɗi."

"Na gode. Zan gaya mata kin ji ba daɗi."

Da la'asar ta yi ya ɗauki jakarsa ya tsaya a gefen motar Manaja. Saurayin ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskar tsohon, sai ya buɗe masa ƙofa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: Baba zai gaisa, ya zauna, ya yi shiru.

Hanyar ta bi ta bayan tashar jirgin ƙasa. Cunkoso ya tsayar da su daidai wurin. Ginin yana nan, an yi masa sabon rufi an yayyanka shi shaguna: mai sayar da waya, mai gyaran gashi, mai kayan jarirai. An shafe bangon da ruwan hoda mai haske, irin na kek ɗin yara. A bakin babbar ƙofar wani mai gadi yana barci a kan kujera, ƙofar a wangale. Jan Biro ya kau da kai ya dubi bayan motar hayar da ke gabansu har aka saki hanya.

Ofishin Mai Fenti yana saman bene. Kowane bango da launinsa, don baƙo ya zaɓa yana jira. Hotunan mai gidan sun cika wurin: yana karɓar lambar yabo, yana ba da lambar yabo, yana riƙe da hannun wani da shi ma ke riƙe da lambar yabo. Jan Biro ya zo da shirin ganin mugu, sai ya tarar da wani dattijo mai fara'a, mai ƙaramin tumbi da tattausan hannu, wanda ya taso da kansa ya tarbe su ya sa aka kawo shayi. Wannan ya fi ɓata masa rai. Da mugu ne da an san ta inda za a kama.

"Kai ne mai rubuta mana tarihin? Sannu da ƙoƙari, Malam. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma ina girmama masu shi. Ina da su da yawa a ƙasa, suna yi mini lissafi."

Manaja ya shimfiɗa shafin a gabansa. Mai Fenti ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa, yana murmushi kamar mai duba sunayen waɗanda suka amsa gayyata.

"Masanin taurari. Sarauniya. Likita. Sai ni." Ya jingina. "Bari in faɗa muku wani abu, tunda mu kaɗai ne. Ni ban san ranar da aka haife ni ba. A ƙauyenmu wa ke rubutawa? Mahaifiyata cewa take shekarar da rijiya ta rufta. A fasfo ɗaya ga Janairu aka sa mini, ni da direbana da rabin ƙasar nan. To da yara suka ce za a yi bikin saba'in, sai na ce ba zan yi tarayya da direba ba. Na ɗauki kalandarku ta bara, na bi ta shafi-shafi, daga farko har ƙarshe. Wallahi ban ga ranar da ta tara manya masu mutunci kamar wannan ba. Ba ɗan yaƙi, ba ɗan daba. Na ce to, nan aka haife ni."

Ya yi dariya, Manaja ya taya shi. Jan Biro ya dubi shafin. Shekaru ya yi yana share ɗakin nan, yana shimfiɗa, yana zaɓo baƙi ɗaya bayan ɗaya, ashe wannan mutumin yake gyara wa masauki.

"Sai dai wannan na ƙasan," Mai Fenti ya ci gaba, ya ƙwanƙwasa layin da farce. "Allah ya jiƙansu, abin tausayi ne ƙwarai. Ni ma na taimaka lokacin. Fentin da aka shafe ginin da shi, ni na bayar, kyauta, ko kwabo ban karɓa ba. Amma ka duba, Malam. Za a raba kalandar nan a wurin liyafa. Mutum yana riƙe da faranti, ya karanta sunana, ya sauko ya ga mata sun ƙone. Ai abincin ba zai shiga ba. A kai su ashirin. Ita ma rana ce mai kyau. Su ai ba su san bambanci ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Manaja, yana zaro biro.

Jan Biro ya ajiye kofinsa. Zai iya cewa matata tana ciki. Ya san abin da zai biyo baya: dattijon zai dafa kafaɗarsa, idonsa ya kawo ruwa, ya sa a ba shi ambulan da bokitin fenti, sannan layin ya koma ashirin ga wata. Ya gwammace ya haɗiye harshensa da ya sayar da ita a wannan farashin.

"Ranka ya daɗe, akwai wata 'yar matsala da ta fi wannan," in ji shi. "Na ga ya kamata ka ji daga bakinmu kafin ka ji a waje."

Takalmin Manaja ya sauka a kan ƙafarsa a ƙarƙashin tebur. Jan Biro bai janye ba.

"Mutanen nan uku, a zamaninsu da tsohuwar kalanda ake lissafi. Daga baya masana suka gano tana ja da baya, aka gyara ta, aka tsallake kwanaki. Sha tara ga Yuni ɗin da aka rubuta musu ta tsohon lissafi ce. Idan aka mayar da ita lissafinmu na yau, sai ta faɗa talatin ga wata."

Akwai gaskiya a maganar gwargwadon gishiri a tukunya. An taɓa gyara kalanda, an tsallake kwanaki, wannan yana cikin littattafai. Sauran kuwa, mutum ukun ba wanda ya taɓa shaƙar iskar Yuni a ranar haihuwarsa. Amma ya faɗe ta da muryar da ya yi shekaru yana sa yara barci da ita, muryar da ba a yi wa gardama.

Murmushin Mai Fenti ya ragu. "Wato ba ranarmu ɗaya ba?"

"A takarda ɗaya ce. A hakika kuwa ka riga su da kwanaki. Yawancin mutane ba za su lura ba. Sai dai ka san ba a rasa wani ɗan jarida mai neman suna, ko wani farfesa da ba a gayyata ba."

"Akwai su," in ji Mai Fenti a hankali. "Akwai wani ma da ya tsane ni tun kan maganar fili." Ya kaɗa ƙafa. Sai fuskarsa ta washe. "Talatin ka ce? Ƙarshen wata ke nan. Albashi ya shigo, kowa da fara'arsa. Ai ta ma fi." Ya ɗaga waya ya ce wa sakatariyarsa a tsayar da katin gayyata, a kira masu ɗakin taro, an ɗaga haihuwarsa. Ya faɗe ta kamar mai ɗaga ranar zuwa wurin aski.

Manaja, da ya fahimci za a sake buga katin kuma a wurinsa za a buga, ya ɗauke ƙafarsa daga kan ta tsohon.

"Me ke shafin talatin ɗin yanzu?" Mai Fenti ya tambaya.

"Shafi ne mara nauyi, ranka ya daɗe. Layi ɗaya ne, in ban manta ba."

"Madalla. In mai daɗi ne a bar shi. In ba haka ba a share mini. Ba na son gawa a shafina, sai dai in ta sarki ce."

Ya rako su har bakin bene, ya riƙe hannun Jan Biro da hannu biyu, ya ce irin su ne ƙasa ke buƙata.

A mota Manaja ya yi ta dariya yana dukan sitiyari. "Baba, ashe kai ɗan duniya ne. Tsohuwar kalanda. Wallahi har ni na kusa yarda." Jan Biro ya juya fuskarsa ga taga. Da suka sake bi ta bayan tasha ya dubi ginin ruwan hodan ido cikin ido. Bai ji daɗi ba, amma ya ji wani abu ya sauka daga kafaɗarsa, kamar wanda ya fito daga asibiti aka ce ba a yanka ba sai wani zuwan.

Sun tarar Uwar Biyu ta fara haɗa jakarta. Manaja ya ba ta labari a tsaye, ya ƙara gishiri, ya ce a kwashe sarauniya da mutanenta a kai talatin, a ɗora Mai Fenti a sama, yau ɗin nan, don injin ya tashi da safe. Ta zauna tana gunaguni ta buɗe shafin. Sai ta daina gunagunin.

"Baba, zo ka gani."

Layi ɗaya ne, kamar yadda ya tuna. Abin da bai tuna ba shi ne abin da layin ya ce, domin ya daɗe da daina karanta shafukan nan, nauyinsu kawai yake aunawa. A rana irin ta yau, jirgin fito ya nutse a kogi da ma'aikata masu komawa gida, an yi masa lodi fiye da kima, ba a samu gawar da yawansu ba.

"Wannan ai shafin mai laima ne," in ji Uwar Biyu. "Shi yake buɗewa duk shekara. Na taɓa leƙawa."

Yanzu ya tuna. Tun mahaifin Manaja na da rai mutumin ya yi ta zarya, yana zama a bencin bakin ƙofa da laimarsa a tsakanin gwiwoyi, ko ana ruwa ko ba a yi, har aka gaji aka sa masa layin. 'Yarsa ce a jirgin, ko matarsa, Jan Biro bai riƙe ba. Shi ne ma ya gyara masa waƙafi.

"To fa," in ji Manaja. Ya sosa ƙeya. "Ka ji dai abin da ya ce, ba ya son gawa. Kuma ba zan koma in ce masa a sake ɗaga haihuwa ba, sau biyu a yini ɗaya. Ko uwarsa ba ta sha wannan wahalar ba. Ku nema musu wuri." Ya duba allon ta kan kafaɗarta. "Sha tara ma ga ta nan ta zama fayau, layi ɗaya a ƙasa kamar an yi sata. Ba za a buga haka ba. In ba ku da abin zubawa, sai in sa hoton bokitin fenti ya cike filin. Zai ma ji daɗi." Wayarsa ta yi ƙara, ya shige ofis ya rufe ƙofa.

Uwar Biyu ta duba ashirin da tara: cike. Ta duba ɗaya ga Yuli: sarakuna a kan sarakuna, ko allura ba ta shiga. Ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar ta jira.

"Ina zan kai su, Baba? Ko in share?"

Ya tsaya yana duban shafuka biyun da ta jera a allo. A dama, mutanen kogi, ga sarauniya da likita tsaye a bakin ƙofa suna jiran a fitar da mutanen su shiga. A hagu, farin fili, da matan ɗinki a can ƙasa su kaɗai, a ranarsu ta gaskiya, wadda ya ƙwato musu ɗazu da ƙarya mai kyau. Ya yi tunanin bokitin fenti a samansu, ruwan hoda.

"Kawo su sha tara," in ji shi. "Akwai wuri."

"Sama ko ƙasa?"

"Sama. Baƙi ne."

Ta buga shafukan a takarda ta miƙo masa, domin ƙa'idar gidan ita ce ba a ɗage kowa sai da jan biro. Ya cire murfin ya ja kibiyar, daga talatin ta yi baya zuwa sha tara. Ta fita miƙaƙƙiya, kyakkyawa, irin wadda ya ja wa janar da safe. Ya so a ce hannunsa ya ɗan yi rawa. Bai yi ba.

Uwar Biyu ta danna abin da za ta danna, ta kashe kwamfutar, ta rataya jaka. A bakin ƙofa ta juyo.

"In mai laima ya zo ƙarshen shekara, ni ke kanta. Zai buɗe ya ga Mai Fenti. Me zan ce masa?"

Jan Biro ya buɗe baki, sai ya tarar amsar tana zaune a kan harshensa a shirye, da ladabinta da komai, irin wadda aka ba shi da safe a ɗaki mai sanyi, adadin kwanakin kawai ya canza. Ya rufe bakin. Ya mayar wa biron murfinsa.

"Ki turo shi wurina," in ji shi.

Ta tafi. Ya gyara zaman tabarau ya jawo shafin ɗaya ga Yuli, inda sarakuna ke jiran a rage musu kaya.